Yadda Ake Gwama Farashin Gwanjo da Na Littafi a Cinikin Kwandaloli Masu Wuyar Samu

A ranar 8 ga Yuni, 2021, a zauren gwanjo na kamfanin Sotheby's da ke birnin Niyok, aka sayar da wata kwandalar zinariya ta Amurka mai darajar dala 20, bugun shekarar 1933, a kan dala 18,872,250. Ƙiyasin da kamfanin ya wallafa kafin ranar ya tsaya ne tsakanin dala miliyan 10 da miliyan 15, kuma zinariyar da ke jikin kwandalar ba ta cika oza ɗaya ba, wato da narkar da ita za a yi, da kuɗinta bai kai dala 2,000 ba a wancan lokaci. Babu littafin farashin da ya hango wannan adadi, kuma ba gazawar masu rubuta littattafan ba ce, domin littafi da gwanjo ba aiki ɗaya suke yi ba.

Littafin farashi yana tattara cinikin da ya riga ya faɗa ne, ya fitar da matsakaici, kuma hakan ba ya yiwuwa sai idan kaya yana yawan shiga kasuwa yana fita. Kwandalar da ake da dubbanta, wadda ake sayar da irinta kowane mako, tana da farashin da za a iya rubutawa a jadawali, kamar yadda kowa ke sanin kuɗin buhun masara a ranar kasuwa. Amma wadda guda uku ko biyar kaɗai suka rage a duniya, wadda takan yi shekara 10 ko 20 ba ta fito ba, ba ta da matsakaici, sai dai tarihi. Adadin da ke gabanta a littafi, idan ma an rubuta shi, amon gwanjon da ya wuce ne. A wannan sashe na kasuwa littafi ne yake bin gwanjo a baya, saboda haka duk wanda zai saya, ko zai sayar, ko zai ƙiyasta kayan gado, dole ne ya koyi fitar da farashi da kansa daga tarihin ciniki, mataki bayan mataki.

Fara da sanin littafin da ke hannunka

Ba duk littattafan farashi ne suke magana a kan abu ɗaya ba, kuma mutane da yawa sukan yi kuskure tun daga nan. A Amurka, littafin da ake kira Red Book, wanda R. S. Yeoman ya fara fitarwa a 1946, yana ba da farashin ɗai-ɗai ne, wato abin da mai saye zai biya dillali a shago, kuma sau ɗaya yake fita a shekara, don haka alƙalumansa sun riga sun kwana biyu kafin ya iso hannun mai karatu. Mujallar Greysheet, wadda take fita tun 1963, farashin sari take bi, wato abin da dillalai suke biyan junansu. Kamfanonin tantancewa guda biyu, wato masu tabbatar da ingancin kwandala su ba ta maki gwargwadon kyanta, PCGS da aka kafa a 1986 da NGC da aka kafa a 1987, kowanne yana da jadawalinsa a intanet, kuma kowanne ya fi karkata ga kwandalolin da shi ya tantance. A Ingila kundin farashi na kamfanin Spink ake dubawa. Kafin ka ɗauki wani adadi, ka tabbatar ko na sari ne ko na ɗai-ɗai, ka duba ranar da aka sabunta shi, sannan ka duba ko an rubuta farashi ne ko kuwa an kawo sakamakon gwanjo kawai. Red Book kansa, idan ya zo kan kwandaloli mafiya wuya, yakan kawo adadin da aka sayar da sunan kamfanin gwanjo da watan da aka yi cinikin, kuma a ganina wannan ita ce gaskiya mafi amfani da ke cikin littafin, domin ya nuna maka iyakar inda saninsa ya tsaya.

Mataki na biyu shi ne ka gane wane irin ƙaranci kake fuskanta, domin iri biyu ne, kuma ba sa tafiya da ƙa'ida ɗaya. Akwai ƙarancin asali, inda kwandalar kanta ce babu ita, kamar kwandalar zinariya ta dala 5 ta 1822, wadda guda uku kaɗai aka sani, biyu suna gidan tarihi na Smithsonian, ɗaya tak ce mutum zai iya mallaka. Akwai kuma ƙarancin kyau, inda kwandalar tana da yawa amma waɗanda suka tsira ba tabo ba gogewa ne 'yan kaɗan. Na farko yana da tushe mai ƙarfi, na biyu kuwa yana iya rushewa a ranar da aka tantance wasu biyu ko uku masu irin wannan kyau. Ko ƙarancin asalin ma ba a rantse masa ba. Kafin ƙarshen 1962, dalar azurfa ta Morgan ta 1903 mai harafin O, bugun New Orleans, tana cikin mafiya tsada a jerinta, littafi yana ba ta dala 1,500 idan ba ta taɓa shiga hannu ba. Da baitulmalin Amurka ya buɗe rumbunsa ya fito da buhunanta da aka manta da su, cikin 'yan makonni farashinta ya faɗo zuwa 'yan gomomin daloli. Saboda haka tambayar da za ka yi ba ita ce guda nawa aka sani kawai ba, har da guda nawa aka buga tun farko, da kuma ina sauran suka shiga.

A nan ya kamata a ja hankalin masu riƙe da tsoffin kuɗin da suka yi yawo a ƙasar Hausa, domin sau da yawa tsufa da shahararren suna sukan sa mutum ya ɗauka ya tsinci dami a kala. Sarki Edward na Takwas na Ingila ya sauka daga mulki a Disambar 1936 kafin a saki kuɗin Ingila masu hotonsa, shi ya sa kwandalar gwaji ta fam 5 mai hoton kansa ta kai dala miliyan 2.28 a gwanjon kamfanin Heritage a Maris na 2021. Amma kwabo da ɗari (rabin kwabo) da anini masu huda a tsakiya, waɗanda aka buga wa Afirka ta Yamma da sunan wannan sarki a 1936, an yi su da miliyoyi, kuma yawancinsu 'yan daloli kaɗan ake sayar da su. Haka dalar azurfa mai hoton sarauniya Maria Theresa ta Ostiriya, wadda fatake suka shigo da ita har ta zama kayan adon mata: shekarar 1780 da ke jikinta ba shekarar bugu ba ce, domin an ci gaba da buga ta da wannan shekara har zuwa zamaninmu, ɗaruruwan miliyoyi. Ga irin waɗannan, littafin farashi ya wadatar, kuma sauran matakan da ke tafe ba su shafe su ba.

Tattara tarihin ciniki, sannan ka tace shi

Idan ka tabbatar kwandalar tana cikin masu ƙarancin gaske, sai ka ajiye littafi gefe ka nemi duk lokacin da aka taɓa fito da ita ko 'yar'uwarta kasuwa. Kamfanonin Heritage da Stack's Bowers suna da ma'ajiyar sakamakon gwanjonsu a intanet tare da hotuna, PCGS yana da kundin farashin da aka sayar, sannan shafukan acsearch da CoinArchives suna tattara na kuɗin tsoffin dauloli da na ƙasashen duniya. Ga kowane ciniki ka rubuta ranar, da kamfanin, da makin tantancewa da wanda ya ba da shi, da adadin da aka biya, da sunan taskar da kwandalar ta fito daga ciki. Abu mafi muhimmanci shi ne ka gwama hotuna ka gane ko kwandala ɗaya ce take dawowa ko kuwa daban-daban ne, domin sakamako shida na iya zama na kwandaloli biyu kacal da suka yi ta sauya hannu, kuma kayan da yake yawan dawowa kasuwa cikin ɗan lokaci yakan nuna cewa masu sayensa ba su gamsu da shi ba. Irin wannan hattara ake yi da rahoton ƙidaya na kamfanonin tantancewa, saboda dillali yakan fasa ƙwanson robar da aka rufe kwandala a ciki, ya sake aika ta da fatan ƙarin maki, sai a ƙirga ta sau biyu ko uku.

Bayan tattarawa sai cire la'ada, kuma wannan lissafi ne mai sauƙi da yake sauya fuskar komai. Adadin da jaridu suke bugawa ba shi ne wanda aka buga guduma a kai ba, domin ya haɗa da la'adar da mai saye yake biyan kamfanin gwanjo a kan tayinsa. La'adar kuwa ta yi ta hawa: a manyan gwanjon kwandaloli na Amurka ta kasance kashi 15 cikin 100, ta koma kashi 17.5, sannan ta kai kashi 20. Lokacin da aka fara sayar da waccan kwandala ta 1933 a gwanjo a Yulin 2002, tayin ƙarshe dala miliyan 6.6 ne, la'ada ta ƙara dala 990,000, aka kuma biya baitulmali dala 20 domin a halatta ta a matsayin kuɗi, jimla ta zama 7,590,020. Misalin da ya fi koyarwa shi ne na kwandalar santi 5 ta 1913 mai kan Liberty, wadda guda biyar kaɗai ake da su. Ɗaya daga cikinsu, wadda ake kira ta Olsen, an sayar da ita a Janairun 2010 a kan dala 3,737,500, sannan a Janairun 2014 a kan dala 3,290,000. A ido, ragin bai kai dala dubu 450 ba, amma idan ka raba adadi na biyu da 1.175 domin cire la'adar kashi 17.5, za ka ga guduma ta sauka ne a kan dala miliyan 2.8. Wanda ya saya a farashin farko ya sayar a na biyu, idan bai yi yarjejeniyar karɓar wani kaso na la'ada ba, faɗuwarsa ta haura dala dubu 900. Littafin da zai rubuta cewa wannan kwandala tana kan dala miliyan uku da wani abu bai yi ƙarya ba, amma bai faɗa wa mai kaya abin da zai shiga aljihunsa ba. Don haka a jadawalinka ka ware gurbi biyu, ɗaya na abin da mai saye ya biya, ɗaya na abin da guduma ta sauka a kai.

Daga nan sai maki. Ma'aunin da ake amfani da shi yana tashi daga 1 zuwa 70, kuma ya samo asali ne daga tsarin da William Sheldon ya fitar a 1949. Daga 60 zuwa sama na waɗanda ba su taɓa shiga hannun jama'a ba ne. A can sama, tazarar maki ɗaya tana iya ninka farashi, alhali mai tantancewa ɗan Adam ne, kuma kwandaloli biyu masu maki ɗaya ba lalle kyansu ya zo ɗaya ba. Shi ya sa tun 2007 aka samu kamfanin CAC, wanda yake sake duba waɗanda aka riga aka tantance ya manna koren tambari a kan waɗanda ya ga sun cika makinsu, kuma masu tambarin sukan fi tsada. Kada ka gwama sakamakon da makinsa ya bambanta da na kwandalarka ba tare da ka rubuta bambancin ba, kuma ka tuna cewa makin da aka bayar shekara 30 da suka wuce ba lalle ya yi daidai da na yau ba. Idan kuɗin da za ka zuba yana da yawa, ka je ka ga kayan da idonka a ranakun da kamfani yake baje su kafin gwanjo, ko ka biya wani masani da ba shi da hannu a cinikin ya duba maka, domin gani ya kori ji, kuma hoto yakan ɓoye ƙananan zane da alamar gyara. Ga mai kaya kuma gargaɗi ɗaya ne: kada ka wanke kwandala da toka ko lemon tsami ko man goge ƙarfe. Kamfanonin tantancewa ba sa ba wadda aka goge cikakken maki, kuma wannan dushewar da kake son cirewa tana cikin abin da ake saye.

Salsala da halaccin mallaka

A cinikin kwandaloli masu wuya ana sayen labari tare da ƙarfe, kuma labarin yana da salsala, wato jerin hannayen da kwandalar ta bi tun daga maƙera har zuwa yau. Littafin farashi ba shi da gurbin wannan, amma gwanjo yana biyansa da tsada. Kwandalar da ta fito daga taskar Louis Eliasberg na Baltimore, mutumin da ya kammala tara kuɗin Amurka na kowace shekara da kowace maƙera a 1950, tana ɗauke da sunansa a duk inda ta je, kuma daga taskarsa ne aka fara samun kwandalar da ta haura dala miliyan ɗaya a gwanjo, wato tasa santi 5 ta 1913 da aka sayar a 1996 a kan dala 1,485,000. Dinarin Banu Umayya na shekarar 105 bayan Hijira, daidai da 723 Miladiyya, bai fi giram huɗu da ɗan wani abu ba, kuma dinarai na gama-gari na wannan daula ɗaruruwa ko 'yan dubban fam ake sayar da su. Amma wannan yana ɗauke da rubutun da yake cewa daga ma'adinin Amirul Muminina ne a Hijaz, kuma saboda waɗannan kalmomi kamfanin Morton & Eden na Landan ya sayar da guda a 2011 a kan fam miliyan 3.72, ya sake sayar da wani a 2019 a kan wannan adadi. Babu jadawalin da zai iya auna abin da sunan Hijaz yake nufi a zuciyar masu tayi.

Salsala ba ado ba ce kaɗai, ita ce shaidar cewa mallakar ta halatta, kuma a nan nake ganin ya fi dacewa mai saye ya tsananta bincike. An buga kwandalolin dala 20 na 1933 har guda 445,500, amma ba a sake su ba, saboda gwamnatin Shugaba Roosevelt ta janye zinariya daga hannun jama'a a wannan shekara, aka narkar da kusan dukkansu. Wasu 'yan kaɗan sun sulale daga maƙerar Filadelfiya, gwamnati ta ɗauke su a matsayin kayan sata. Wadda Sotheby's ya sayar ita ce ake dangantawa da Sarki Faruk na Masar, wanda aka ba wa takardar izinin fitar da ita a 1944, kuma bayan ta sake bayyana a 1996 aka yi shari'a har aka sasanta, ita kaɗai ce doka ta yarda wani mutum ya mallaka. Wasu guda 10 da wani iyali ya gabatar daga baya, kotu ta bar wa gwamnati su. Ashe dala miliyan 18 ɗin ba kuɗin ƙarfe ko na shekara ba ne, kuɗin wannan halacci ne. A ɗaya gefen kuma, a Oktoban 2020 wani kamfani a Landan ya sayar da kwandalar zinariya da Brutus, ɗaya daga cikin waɗanda suka kashe Julius Kaisar na Rum, ya sa aka buga domin tunawa da kisan, a kan fam miliyan 3.24, alhali ƙiyasinta fam 500,000 ne. Daga baya hukumomin Niyok suka gano cewa salsalar da aka rubuta mata ta ƙarya ce, aka ƙwace ta, aka mayar wa ƙasar Girka a 2023. Saboda haka kada ka yarda da jimla guda da aka rubuta a kundin gwanjo cewa kaya ya fito daga tsohuwar taskar wani gida. Ka nemi tsohon kundin da hotonta ya fito a ciki, ko rasit, ko takardar izinin fitarwa, kuma idan babu ko ɗaya, ka cire wannan sakamako daga lissafinka ko ka rage masa nauyi ƙwarai.

Yaya aka yi farashin ya kai haka

Wannan mataki ne da mutane suka fi tsallakewa, domin yana bukatar karanta rahotannin gwanjo ba adadi kawai ba. Farashin gwanjo yana tsayawa ne a inda mai tayi na biyu ya gaji, don haka mutum biyu da suka ƙulla niyya sun isa su kai kaya inda babu wanda ya zata, kuma da zarar ɗayansu ya samu, babu tabbacin cewa na biyun zai dawo a gwanjo na gaba. Dalar azurfa ta 1794, wadda ake kyautata zaton tana cikin na farko da Amurka ta buga, ta zama kwandalar farko da ta haura dala miliyan 10 lokacin da Stack's Bowers ya sayar da ita a Janairun 2013 a kan 10,016,875. Amma rahotannin ranar sun nuna cewa tayi yana wajen dala miliyan 5.5 ne sai dillaliyar da ta saya ta yi tsalle guda zuwa 8,525,000, adadin da idan aka ɗora masa la'ada yake ƙetare miliyan 10. Wato babu mai tayi na biyu da ya raka ta zuwa can. Da aka dawo da kwandalar gwanjo a Oktoban 2020, tayi bai kai mafi ƙarancin abin da mai ita zai sallama ba, aka ce albarka ta koma gida, sai a farkon 2022 aka ba da sanarwar an sayar da ita a cinikin sirri a kan dala miliyan 12.

Wannan labari ya ƙunshi abubuwa uku da dole ka yi musu alama daban a jadawalinka: tayin tsalle, da kayan da bai sayu ba, da cinikin sirri. Rashin sayuwa sakamako ne shi ma, kuma littattafai ba sa rubuta shi, duk da cewa yana gaya maka adadin da kasuwa ta ƙi biya a wannan rana. Cinikin sirri kuwa ba a gaban shaidu ake yinsa ba, wani lokaci yakan haɗa da musayar kaya ko biya kashi-kashi, kuma masu sanar da shi suna da amfani a girman adadin. Santi ɗaya na tagulla na 1943 bugun Denver, wanda shi kaɗai aka sani, an sanar da sayar da shi a sirrance a 2010 a kan dala miliyan 1.7, amma da ya fito fili a gwanjon Heritage a Janairun 2021, dala 840,000 ya yi. Duk wanda ya riƙe adadin farko a matsayin farashi na tsawon waɗannan shekaru, ya riƙe ninki biyu na abin da kasuwa ta yarda da shi a bainar jama'a.

Sai kuma lokaci. Adadin 1999 da na 2021 ba kuɗi ɗaya ba ne ko da dukkansu dala ake kiransu. Dalar 1804, wadda a haƙiƙa a 1834 aka fara buga ta domin a kai kyauta ga sarakunan gabas, ba ta kai guda 20 ba a duniya, kuma mafi kyawunta ita ce wadda aka ba Sarkin Maskat. An sayar da ita a 1999 a kan dala miliyan 4.14, aka fito da ita a Mayun 2016 cikin taskar iyalin Pogue, masu tara kwandaloli, ba ta sayu ba, sannan a Agustan 2021 ta tafi a kan miliyan 7.68. Da gani riba ce ta sama da miliyan uku da rabi, amma idan ka lissafa hauhawar farashin kayayyaki a Amurka cikin waɗannan shekaru 22, miliyan 4.14 na farko ya yi daidai da kimanin miliyan 6.7, alhali guduma ta sauka ne a kan miliyan 6.4. Ita kuwa waccan dala 5 ta 1822, wadda aka saya a 1982 a kan 687,500, ita ma tana cikin taskar Pogue, ta kuma ƙi sayuwa a gwanjon 2016, amma a Maris na 2021 ta kai miliyan 8.4, ninki 12, wato kusan kashi 6.6 cikin 100 a kowace shekara. Taska ɗaya, shekara ɗaya, kamfani ɗaya, amma sakamakon ya sha bamban. Ka mayar da kowane tsohon adadi zuwa kuɗin yau, sannan ka duba yanayin kasuwar lokacin, domin 2021 shekara ce da farashin kayan tarihi ya tashi gaba ɗaya, kuma a cikinta aka kafa da yawa daga cikin manyan alƙaluman da ake ambata, har da dala miliyan 9.36 na kwandalar zinariya da maƙeri Brasher ya buga a 1787.

Fitar da adadinka

Abin da zai rage a hannunka bayan wannan tacewa ba zai wuce sakamako biyu zuwa biyar ba, kuma daga cikinsu za ka fitar da tazara, ba adadi guda ba. Ƙasan tazarar shi ne mafi ƙarancin farashin guduma na kwandala mai kama da taka a cikin 'yan shekarun nan, samanta kuma shi ne mafi girman abin da aka biya a gwanjon da aka yi takara ta gaske. Yanzu ne za ka koma ga littafi ka ga inda adadinsa ya faɗa. Idan yana ƙasa da tazararka, mai yiwuwa ba a sabunta shi ba. Idan yana sama, mai yiwuwa an gina shi ne a kan ciniki ɗaya na ban mamaki ko a kan sanarwar sirri. Idan kuma daidai yake da sakamakon gwanjo na ƙarshe, to kwafe shi aka yi, kuma kada ka ƙirga shi a matsayin shaida ta biyu. Ƙiyasin kamfanin gwanjo shi ma ba shaida ba ne, saboda sau da yawa da gangan ake sassauta shi domin a jawo masu tayi.

Mai saye zai fara lissafi ne daga jimlar abin da ya yarda ya rabu da shi, ya yi baya. A ɗauka ka tsayar da dala 12,000: ka fara cire kuɗin aikowa da inshora da harajin shigo da kaya da kuɗin canji, a ce sun kai 600, sai ka raba ragowar 11,400 da 1.2 idan la'ada kashi 20 ce, ka samu 9,500. Wannan shi ne tayinka na ƙarshe, kuma ka rubuta shi a takarda tun kafin ranar, domin a cikin zafin takara ƙarin tayi ɗaya yakan yi kama da abu kaɗan, alhali kowane tayi yana jan la'adarsa. Ka karanta sharuɗɗan kamfanin a kan mayar da kaya idan ya zama jabu, da wa'adin biya, da kuma ko mai kaya yana da damar taya kayansa.

Mai sayarwa kuma nasa cinikin yana farawa ne da kamfanin gwanjo tun kafin kaya ya fito. Ga kwandala mai daraja sosai, kamfanoni sukan yi gasa a kanta, don haka ana iya neman a yafe la'adar mai sayarwa, har ma a ba shi wani kaso daga la'adar mai saye, kuma duk abin da aka amince a kai a rubuta shi. Ya zaɓi lokaci da wuri, domin manyan gwanjon Amurka sukan zo ne tare da taron masu tara kuɗi na Florida a Janairu da babban taron ƙungiyarsu ta ƙasa a Agusta, yayin da kuɗin daulolin Musulunci da na tsohuwar Rum da Girka suka fi samun masu tayi a Landan da manyan biranen Turai. Abu mafi wuya shi ne tsayar da mafi ƙarancin abin da zai sallama. Idan ya ɗora shi a kan adadin littafi ko a kan mafi girman sakamakon da aka taɓa samu, yana iya komawa gida da kayansa, kuma rashin sayuwar zai shiga tarihin kwandalar inda kowane mai tayi na gaba zai gani. Ya fi masa ya ɗora shi kusa da ƙasan tazarar da ya fitar, ya kuma tambayi kamfanin a rubuce nawa za a caje shi na hoto da inshora da talla idan kayan bai sayu ba.